Shafin da Auta Bai Juya Ba

Auta ya shekara uku yana yi wa yayansa ƙarya a cikin karatu, kuma ranar da asiri ya tonu akwai ƙarfe kusa da hannun kowa. Abin da ya lalace ke nan.

Yayan nasa shi ne Guduma mai walda. Ba da wannan sunan uwarsa ta san shi ba, amma duk layin da shi ake kiransa, har shi ma ya daina waiwayawa in an kira na ainihin. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hannayensa duk tabon tartsatsi, kuma in ya ce a'a, ko da wuƙa a wuyansa a'a ce. Shekara talatin yana walda, rabinsu ba gilashi, don a lokacin gani yake gilashi na ragwaye ne. Ido kuwa bai manta ba. Yanzu yana ganin ƙarfe, yana ganin wuta, yana gane mutum in ya matso kusa, amma rubutu ya zame masa kamar tururuwar da aka watsa wa ruwa.

Wannan ya fi komai ci masa rai, domin Guduma mayen littafi ne. Aji huɗu ya yi ya gudu, da yatsa yake bin layi, littafi ɗaya kan kai shi wata biyu, amma bai taɓa ajiye wanda ya fara ba. Kuma iri ɗaya yake karantawa: na dodanni da macizai masu kai bakwai, na biranen da ke ƙarƙashin ruwa, na gumakan mutanen da, waɗanda ke yaƙi da juna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. In ka kawo masa na soyayya sai ya tambaye ka ko ya yi maka kama da marar aikin yi.

A cikin irin nasa ɗin ma yana da doka. Yana son jarumin da ke wasa takobinsa da kansa, wanda in an sare shi a babi na uku, har babin ƙarshe yana ɗingishi. Yana son dodon da ke cin mutane saboda yunwa, don yunwa ya san ta. Ba ya son yaron nan da ake haifa da tambari a kafaɗa, wai tun bai iya share majina ba an rubuta shi zai ceci duniya. Ba ya son tsoho mai farin gemu da ya san komai amma ya yi ta magana a dunƙule har rabin gari su mutu. Takobin da ke haske da kansa kuwa dariya yake ba shi: wa ya ƙera shi, da wane ƙarfe, a wace wuta? Duk waɗannan yakan haɗiye su da tsaki. Abu ɗaya ne ba ya wuce masa maƙogwaro, wato mamaci ya tashi. Guduma ya binne matarsa da ɗansa na fari a shekara ɗaya, ya jira, bai ga wanda ya dawo ba. Marubucin da zai kashe mutum ya sa ka zubar da hawaye, sannan bayan shafi goma ya tashe shi yana miƙa, a wurin Guduma ɓarawo ne, kuma da za su haɗu da ya nuna masa.

Da ido ya tafi sai karatu ya koma hannun Auta. Auta ba yaro ba ne, furfura ta fara cin gemunsa, 'ya'yansa huɗu, amma tunda shi aka haifa ƙarshe sunan ya manne masa. Shi ke awo da fenti a shagon. Kullum ƙarfe ɗaya na rana Guduma zai kashe inji, Auta ya goge hannu da kananzir, ya kifa bokitin fenti ya zauna, ya buɗe littafi. Minti arba'in. Ko wa ya zo da aiki a lokacin, sai dai ya jira.

Ranar da littafi ya ƙare Guduma ke yanke hukunci. In ya yi masa, sai ya gasa bakin rodi ya ɗiga wa bangon baya tabo ɗaya, a jefa shi cikin akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin tebur. In bai yi masa ba, sai ya shimfiɗa shi a kan teburin ya kunna wutar gas. A shekarar farko goma sha ɗaya ya ƙona. Auta ne ke yawon nemo su wurin masu tsofaffin littattafai, kuma yana son su, masu tashin matattun ma su ya fi so. Yana tsaye bango zai naɗe ya yi baƙi, ba halin magana. Yayansa ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansu, kuma hannunsa ya fi bakinsa sauri.

Sai Auta ya samo dabara. Yakan riga karanta littafin a gida, in ya ga inda matsala take sai ya shirya mata. Da farko babin ƙarshe kawai yake yankewa: jarumi ya mutu, ya rufe littafi, ya ce ya ƙare. Daga baya ya ga wasu ba sa yankuwa haka sai an yi musu ciko, kamar ƙofar da aka auna ba daidai ba. Ya fara ƙirƙira, idonsa a kan takarda, bakinsa na faɗin nasa. Hannunsa ya faɗa har ba ka gane inda marubuci ya tsaya da inda Auta ya ɗora. Shekara uku ba a ƙona littafi ba. Guduma har cewa yake marubuta sun fara hankali.

Ran nan da safe wani direban babbar mota ya zo, ƙofar bodinsa ta baya ta ɓalle. Dogo ne mai baki, irin mutanen da ko a gidan makoki ba su iya shiru ba. Aikin bai ƙare ba ƙarfe ɗaya ta buga, Guduma ya kashe inji.

"Maigida, yaya haka? Saura kaɗan fa," in ji Direba.

"Lokacin karatu ne. Ga benci nan."

"Karatu? Makaranta na kawo motar ko shagon walda?"

"In kana sauri ɗauki ƙofarka a ka."

Direba ya yi dariya ya zauna. Da ya hango bangon littafin a hannun Auta sai ya bugi cinya. "Kai! Na mai haƙa rijiyar nan ne? Sau uku na karanta shi. In ana jiran lodi me mutum zai yi?"

"To kama bakinka, kada ka ɓata mana," in ji Guduma.

"Yaya," in ji Auta, "ko mu bari sai gobe? Maƙogwarona ba daɗi."

"Lafiyarsa ƙalau ɗazu da kake mana waƙa kamar akuyar da aka taka. Karanta."

Labarin wani mai haƙa rijiya ne a ƙasar da ruwa ya ƙafe, saboda wata dabba a ƙarƙashin ƙasa tana shanye duk jijiyar ruwa. Ba ɗan sarki ba ne, ba tambari a kafaɗarsa, gwiwarsa ɗaya ma ta lalace. Shekara biyu ya yi yana ƙera sarƙa zobe-zobe, kuma marubucin har ya faɗi yadda ake haɗa bakin zobe tun da zafinsa. Guduma ya so mutumin nan kamar ciki ɗaya suka fito. Jiya an tsaya a inda ya sauka rami ya ɗaure dabbar a wuya, rufin kogon ya rufto masa a ƙirji.

Auta ya gyara murya ya fara. Muryar na ɗan rawa, Guduma ya ɗauka labarin ne ya kama shi. Matar mai haƙan tana bakin rijiya tana jan igiya. Ta ja, ta ja, igiya ta zo ba nauyi, sai takalmi ƙafa ɗaya da mijin ya ɗaura kafin numfashinsa ya ƙare. Ruwa ya fara tasowa, ja da farko, sannan ya washe. Mutanen gari suka sha, suka shayar da dabbobi. Ita kuwa ta zauna da takalmin a cinya ta ƙi sha har rana ta faɗi, daga nan ƙishi ya fi ƙarfinta, ta sha. Auta ya rufe littafi.

Guduma ya share hanci da bayan hannu, ya miƙa hannu yana laluben rodi.

Sai Direba ya fashe da dariya.

"Wallahi malam ka iya! Wane takalmi? Ina atishawar?"

"Wace atishawa?" in ji Guduma.

"Ai tashi ya yi. 'Yar gunkin ruwan sama ta sauka ramin ta ɗiga masa ruwan farko a hanci, ya yi atishawa ya miƙe. Har sarautar garin aka ba shi. Babi biyu cur suka rage."

"Wani littafin kake faɗa."

"Wannan dai mai koren bango. Ni za a gaya wa? Har shafin na sani."

"Ƙanena ya karanta shi a gabanka."

"Ƙanenka ya shirga maka ƙarya a gabana."

Guduma ya miƙe tsaye. "Maimaita."

"Yaya, ƙyale shi, wasa yake," in ji Auta.

Da a nan Auta ya buɗe baki ya ce mutumin nan gaskiya ya faɗa, da abin ya tsaya a mari ɗaya ko biyu, kuma a kuncinsa. Bai faɗa ba.

"Wasa da wa?" in ji Direba, shi ma ya miƙe. "Na ce maƙaryaci ne, kai kuma an mayar da kai..."

Bai ƙarasa ba. Guduma ya sunkuyar da kai ya yi masa karo a baki. Direba ya faɗa kan tarin rodi, ya taso jini na bin haɓarsa, ya rarumi guntun bututu ya kai duka. Guduma bai ga bututun ba, jin sa ya yi a gefen kunne, duniya ta yi masa ƙara. Bai ja da baya ba. Wanda ba ya gani sosai ba ya faɗa daga nesa. Ya kutsa ya rungume dogon a ƙugu, ya ɗaga shi cak, ya maka shi a teburin ƙarfe har gwangwanayen fenti suka zube. Direba ya kai masa yatsu ido, ya yakushe masa fuska, ya sake ɗaga bututun. Guduma ya kama wannan hannun, ya ɗora shi a gefen tebur, ya hau shi da duk nauyinsa. Ƙarar ta yi kamar an taka busasshen kara. Ihun da Direba ya yi shi ya shigo da mai faci da mai gyaran babur da wasu biyu da ke wucewa, kuma su huɗun da ƙyar suka ɓamɓare Guduma.

Direba na zaune a ƙasa cikin jan fenti da jini, ya rungume hannun da ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Ya tofar da haƙori. Duk da haka bakin bai mutu ba.

"Ka karya ni a banza," ya ce yana haki. "Tun da matar ta fara jan igiya bai juya shafi ko ɗaya ba. Minti ashirin a shafi ɗaya? Ido ne ba ka da shi, ko har kunnen ma?"

Guduma ya kai masa shuri, aka riƙe shi. Aka tare mota aka saka Direba aka nufi asibiti da shi. Babbar motarsa na nan a ƙofar shago, ƙofar bodin a jingine.

Mutane suka watse, maganar ba ta watse ba. Guduma ya san ƙarar juya shafi kamar yadda ya san ƙarar injinsa. Auta kan lashi yatsa, takarda ta yi ɗan ƙara, ya ja numfashi, ya ci gaba. Ya tsaya a tsakiyar shago jini na ɗiga daga kunnensa, ya mayar da karatun baya a cikin kansa. Igiya. Takalmi. Jan ruwa. Faɗuwar rana. Bai ji takarda ba.

"Ba ni littafin."

"Yaya, zauna in wanke maka kunnen."

"Ba ni."

Ya karɓa ya fita. Ƙofa ta uku daga shagonsa akwai kemis, inda yake sayen maganin ɗigawa a ido. Mai Kemis mace ce mai jiki, ba ta tsoron kowa a layin.

"Maƙwabci, wa ka kashe kuma?" ta ce da ta ga fuskarsa. "Zo in ɗinke kunnen nan."

"Bar kunne. Karanta min ƙarshen wannan."

"Yanzu? Ga mutane na jira."

"Su jira."

Ta dube shi, ta ga ba ranar wasa ba ce. Ta sa tabarau ta buɗe daga baya, ta karanta a miƙe kamar tana karanta takardar magani. 'Yar gunkin ruwan sama ta sauka ramin. Ta ɗiga ruwa. Mai haƙa rijiya ya yi atishawa har sau uku, ya buɗe ido, ya tambaya ina takalminsa. Wata tsohuwa da ke jiran maganin tari ta yi dariya.

Guduma ya koma shago, ya wuce Auta kamar ba mutum a wurin, ya jawo akwatin ƙarfen ya saɓa a kafaɗa, ya dire shi a kan kantar kemis har kwalabe suka yi ƙara. Yana gane littattafan da nauyinsu da kaurinsu. Ya ciro ɗaya.

"Wannan na maharbiyar da kura mai magana ta cinye. Ƙasusuwanta kawai aka tsinta."

Mai Kemis ta duba. "A nan dai an farke cikin kurar ta fito da ranta."

Ya ciro wani. "Wannan na 'yan'uwa biyu da suka je satar wuta a dutsen gumaka. Ƙaramin ya ƙone, babban ya dawo shi kaɗai."

"Sun dawo tare. Toka aka tara aka hura mata iska."

Ya ciro na uku, na huɗu, na bakwai. Masu jiran magani suka gaji suka tafi. A na tara Mai Kemis ta cire tabarau ta rufe akwatin da hannunta.

"Maƙwabci, ya isa. Je ka gida ka kwanta. Kada ka koma shagon nan da wannan fuskar."

Ya ɗauki akwatinsa ya koma shagon.

Auta na durƙushe yana goge fenti da jini da tsumma. Guduma ya jawo ƙofar ƙarfen ya rufe rabi, ya juye akwatin a kan tebur. Littafi ashirin da shida, kowanne da tabonsa a baya.

"Nawa ne na gaskiya a ciki?"

"Yaya..."

"Na ce nawa?"

"Uku."

"Uku." Guduma ya gyaɗa kai. "Makaho ka samu. Kana zaune a kan bokiti kana kallona ina share hanci, cikinka na dariya."

"Wallahi ban taɓa dariya ba."

"Na karya hannun mutum a kan gaskiyarsa. Ni. Ina tsaye ina rantsuwa da ƙanena."

"Ni na ce ka karya?"

Guduma ya juyo. Tun da aka haifi Auta bai taɓa mayar masa da magana da wannan muryar ba.

"Ni na ce ka karya shi?" Auta ya miƙe ya jefar da tsumman. "Kai komai sai ka karya ko ka ƙona. Sha ɗaya ka ƙona min ina kallo. Ka san yawon da nake yi kafin in samo ɗaya? Ka taɓa tambayata ko ni ina son su? Ni rediyo ne, a kunna ƙarfe ɗaya a kashe."

"Sai ka faɗa min a fuskata ba ka yarda ba, kamar namiji."

"In faɗa maka? Ga wanda ya faɗa maka can a asibiti."

Guduma ya laluba ya ɗauki sifanar da ake buɗe tukunyar gas, ya murɗa. Gas ya fara huci.

"Na 'yan'uwan nan biyu," in ji Auta, "kwana uku ka yi ba ka cin abinci sosai. Ka ce wanda ya rubuta shi ya san duniya, ka ce da za ka gan shi da ka yi masa ƙofa kyauta. To ga shi nan. Shi ke maka fenti. A kan bokitin can na yi shi."

"Ƙarya ce ka yi."

"Nasu ɗin gaskiya ne? Ka taɓa ganin kura mai magana?"

"Nasu na san ƙarya ce na zauna. Taka ban sani ba. Matsa."

Ya ƙyasta ashana, wutar ta kama da shuɗin harshe. Auta ya sha gaban teburin ya buɗe hannuwa.

"Ba za ka ƙona su ba."

"Matsa, Auta."

"Nawa ne. Ni na nemo su."

Guduma ya ture shi da kafaɗa, Auta ya kama tiyon gas ya fizga, wutar ta karkace ta lashi hannun rigar Guduma. Suka sarƙe. Auta ya fi shi tsawo amma fenti ba ya gina dantse. Guduma ya haɗa shi da bango sau biyu, ƙeyarsa ta bugu, bai saki tiyon ba. Kan wutar ya faɗi ƙasa yana huci a kan siminti, Guduma ya sa ƙafa ya take tiyon, ya murɗe tukunyar da sifana, wutar ta mutu. Suka tsaya suna haki, fuska da fuska.

"Ka san me ya sa suke tashin matattu?" in ji Auta, hawaye da gumi sun haɗe masa. "Don kowa yana da wanda yake so ya tashi. Kai kaɗai aka yi wa mutuwa? Da yau za a ce maka yaron nan naka zai yi atishawa ya miƙe, wuta za ka kunna?"

Guduma bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Hannun ya tafi, kuma sifanar na cikinsa.

Ta sami Auta a muƙamuƙi, bakinsa a buɗe, harshe tsakanin haƙora. Bai yi ihu ba. Ya sulale a jikin bango ya zauna, haɓarsa ta koma gefe ɗaya kamar ƙofar da ta fita daga maƙalinta, jini ya ɓalle ya wanke gaban rigarsa. Ya sa hannu ya tara, ya duba abin da ya zubo a tafinsa, ya ɗago ya dubi yayansa.

Sifanar ta faɗi. Guduma ya durƙusa, ya tuɓe rigarsa ya tallafe haɓar da ita.

"Auta. Auta, kada ka yi magana. Riƙe nan. Auta, dube ni."

Wani sauti ya fito daga bakin, ba kalma ba ce.

A haka ƙofar ƙarfen ta buɗe da ƙarfi. Mutum uku ne. Na gaban ya yi kama da Direba, sai dai ya fi shi shekaru da kauri, biyun kuma da ganin kafaɗunsu masu lodi ne. Kowa da abin da ya riƙo.

"Wane ne Guduma?"

"Ni ne. Ku ɗauki wannan ku kai shi asibiti tukuna."

Amsar da ya samu katako ne a gadon baya. Ya faɗa kan gwiwar Auta, ya taso, aka ƙara masa a haƙarƙari. Takalmi ya same shi a baki. Guduman da mutum huɗu suka kasa riƙewa ɗazu bai ɗaga hannu ba, sai kare kan ƙanensa yake da jikinsa, duka na sauka a bayansa kamar ana bugun katifa. Masu lodin suka gaji da dukan wanda ba ya ramawa, suka ja shi suka tsayar.

"Ƙanena ka karya," in ji babban. "Likita ya ce ƙashi biyu. Da me zai riƙe sitiyari?"

"Wane hannu ne?"

"Kai ka karya, ni kake tambaya? Dama."

Guduma ya fizge daga riƙon da aka yi masa. Suka ɗaga katako, amma ba kansu ya yi ba. Ya ture littattafan gefe, ya shimfiɗa hannunsa na dama a kan teburin ƙarfe, ya buɗe yatsu.

"Ƙanenka gaskiya ya faɗa, ni ne ban da gaskiya. Ga guduma can a rataye. Yi sauri ka gama, ka sa nawa ƙanen a mota, jini yake zubarwa."

Babban ya dube shi, ya dubi wanda ke jingine da bango. Mai yiwuwa da an ba shi minti ɗaya da ya fasa. Amma daga asibiti yake, ihun ƙanensa na cikin kunnensa, ga yaransa biyu na kallo. Ya ɗauko gudumar. Sau biyu ya sauke ta.

Guduma ya ciji leɓe har ya huda shi, ya durƙushe a gindin tebur. Da ya iya magana, abin da ya ce shi ne, "Motar."

Suka ɗauki Auta. Wannan kam sun yi.

Hannun Guduma ya warke a karkace, yatsu uku ba sa naɗewa. Ya koyi walda da hagu, aikin ba ya kyau kamar da, masu kawo ƙofofi suka ragu. Direba ya koma tuƙi bayan wata biyar. Ba wanda ya kai ƙara, kowane ɓangare na ganin an yi daidai.

Auta ne bai ci ba bai sha ba a wannan daidai ɗin. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya sati tara, da bututu yake shan abinci. Haƙori shida suka tafi, da gefen harshe, wanda likita ya ce ba abin da za a ɗinka. Bai sake taka shagon ba, yana fentin gidaje a wata unguwa, inda aikin ba ya bukatar baki. Guduma ya je gidansa sau uku, matar Auta ta tare ƙofa ta ce yana barci. Yanzu in Auta ya kira ƙaramar 'yarsa, sai ya maimaita sau biyu ko uku kafin yarinyar ta gane sunanta ne ake faɗa.